Ladanin da Ya Riga Rana

A Kwarin Dinya, ƙauyen nan da ke bayan madatsar ruwan Watari, babu wanda bai san muryar Khalilu Ladan ba. Wajen mahaifinsa ya gaji kiran salla, kuma wallahi ya fi tsohon zaƙin murya, ko da yake ba mai gaya masa, don mutanen garin nan yabo ciwon baki yake sa musu. Abin da ba su sani ba shi ne halin da yake shiga kullum idan rana ta yi ja.

Da safe lafiyarsa ƙalau. Zai shiga gonarsa ta albasa ya buɗe ruwa, ya yi raha da maƙwabta, har ya tsokani wani. Amma da zarar an sallame la'asar, inuwar katangar masallaci ta fara miƙewa, sai wani abu ya zo ya zauna masa a ƙirji kamar an ɗora masa buhun taki. Zuciya ta dinga dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, ya ji lalle wani mugun abu yana tafe, ko mutuwa ko wanda ya fi ta, alhali ko kaza ba ta mutu ba. Awaki na komawa gida, mata na tuƙa tuwo, shi kuwa ji yake kamar ya tona rami ya shige.

Matarsa Aina'u ce ta tasa shi gaba har asibiti a birni, ba tare da kowa ya sani ba. Likita ya ce ciwon damuwa ne da fargaba, ya rubuta masa magani. Maganin ya yi aiki, ba za a ci amanarsa ba: Khalilu ya koma cin abinci, ya daina kulle kansa a ɗaki yana kuka. Yammar ce dai ta ƙi jin magani. Aka ƙara, aka canza wani, tana nan daram.

"Wasu haka nasu yake, da yamma ya fi tsananta," in ji likitan. "Ka ci gaba da sha. Sannan ka samu wani abu da za ka riƙe a daidai lokacin."

Khalilu kuwa yana da abin riƙewa tun tuni. Kiran magariba ne. Zai daure, ya ciji leɓe, ya zauna jikin akwatin lasifika yana kallon agogon bango. Lokaci na cika sai ya miƙe, ya sa yatsu a kunne, ya ja numfashi. Daga kabbarar farko nauyin yake fara zamewa. Kafin ya kai ƙarshe ƙirjinsa ya buɗe, ya ji shi ma mutum ne kamar kowa. Aina'u kaɗai ta san wannan. Idan ta ji muryarsa ta fito sai ta ce a ranta, to, yau ma ya haye.

Sai ga azumi ya zo a bakin damina, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse ba ɗigo, zafi kamar a tukunya. Magani ya koma sai da sahur da bayan shan ruwa, ga ƙishirwa, ga rashin barci. Yammacin Khalilu ya ƙara tsawo, ya ƙara muni.

Ran nan, azumi ya yi nisa, hadari ya taso daga yamma ya rufe rana ruf. Gari ya yi duhu tun lokaci bai yi ba. To shi ciwon nan ba agogo yake dubawa ba, duhu yake gani. Ya taso wa Khalilu da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Yana zaune shi kaɗai a cikin masallaci, gumi ya jiƙa masa riga, numfashi yana sarƙewa. Ya dubi agogo, da saura. Ya yi salati, ya yi istigfari, ya sake dubawa, kamar an ɗaure hannun agogon. Ya ji in ya ƙara minti guda a haka zuciyarsa za ta fashe. Ga makirfo a gabansa, hannu kawai zai miƙa.

Ya miƙa.

Kai jama'a, muryar ta fita ranar! Ta ratsa gonakin albasa har bakin ruwa. A ƙofar masallaci maza suka kai dabino baki. A cikin gidaje mata suka kafa kai a kofin kunun tsamiya, tsofaffi suka yi hamdala. Wa zai tsaya duba waya bayan Ladan ya kira, ga gari ya yi duhu? Shekara da shekaru bai taɓa saɓa lokaci ba.

Yana sauke yatsunsa daga kunne, ƙirjinsa wasai, sai hadarin ya tsage daga ƙasa. Rana ta leƙo, jawur, ƙatuwa, tana zaune a kan ruwan Watari ko gefenta bai nutse ba. Haskenta ya shigo ta ƙofar masallaci ya sauka a kan tabarmi, a kan ƙwallayen dabino, a kan bakunan da ke tauna.

Wani ya ce, "Innalillahi!" Wani ya tofar da abin da ke bakinsa. Daga cikin gidaje aka fara jin salati.

Alhaji Nababa ne ya fara miƙewa. Dillalin tumatir ne, shi ya sayi lasifikar da solar da ke ba ta wuta, kuma bai taɓa bari an manta ba. Ƙosai na hannunsa, rabi ya riga ya wuce.

"Fito! Fito ka ga aikinka!"

Khalilu ya fito. Liman, Malam Abdulkabir, dattijo ne mai sanyin hali, irin sanyin da ba ya tare wa kowa faɗa. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kame bakinsa har rana ta faɗi, wanda ya ci zai rama yini guda bayan salla, babu kaffara. Sannan ya juyo, ya sassauta murya.

"Khalilu, hadari ne ya rufe maka rana, ko ba haka ba? Ko agogon ne ya yi gaba?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Da ya ce e, da an yi 'yan tsaki an wuce, ya zama abin ba'a na mako guda. Amma wawan Allah, mutumin da bai iya ƙarya ba ko ta ceton rai, sai ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, agogo daidai yake. Na san da saura."

Kowa ya juyo ya zuba masa ido.

"Ina da ciwo ne," ya ce. "Da yamma yake taso mini. Ina shan magani, amma ba ya tare shi. In na yi kira ne yake sakina. Yau na kasa jira. Ku yafe mini don Allah."

Ya zaci in ya faɗi gaskiya za a tausaya. Allah sarki.

"Magani?" in ji Nababa. "Wane irin magani? A ina ake ba ka?"

Ya faɗi asibitin.

"Asibitin mahaukata! Jama'a kun ji? Shekara nawa mahaukaci ɗan ƙwaya yana tashinmu salla!" Ya matso har Khalilu yana jin warin man ƙosai. "Tsaya ma tukuna. Kai ka sha ruwan?"

Khalilu ya girgiza kai. Yaushe ya samu? Yana kan kira.

Nababa ya tafa hannu, ya yi wata dariya marar daɗi. "To madalla! Duk garin nan, maza da mata, tsoho da mai ciki, mutum ɗaya ne azuminsa ya tsira yau. Ya zubar mana da namu don ya ji sanyi a ƙirjinsa, nasa kuwa yana nan lafiya lau!"

Wannan maganar ce ta kashe shi. Har waɗanda suka fara jin tausayi suka ɗaure fuska. Aka tsaya cirko-cirko, ba mai kallon kowa, har rana ta nutse. Liman bai ce Khalilu ya sake kira ba. Mudassir ya sa ya yi kiran, ɗan ƙanen Nababa, wani saurayi mai murya kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Bayan salla Liman ya miƙo hannu, idonsa a ƙasa.

"Kawo mabuɗin akwatin, ka huta tukuna."

"Malam, a bar mini magariba kaɗai. A karɓe sauran. Ko a sa wani ya tsaya a kaina da agogo."

"Magaribar ce ai ba za a ba ka ba," in ji Nababa, ya fizge mabuɗin.

Daga ranar garin ya samu abin wasa. Da tsakar rana, yana tsugune a gona, sai wani ya ɗaga murya daga kan kunya: "Ladan, mu sha ruwa ne?" A kwashe da dariya. Yara suka riƙa binsa suna kabbara. A wajen injin niƙa mata suka tambayi Aina'u ko a gidansu tun azahar ake buɗa baki. Ta dawo ta ajiye garin, ta shiga aikinta. Ita ma ta sha kunu ranar, ita ma tana da ramuwa, amma ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Da sahur takan ajiye masa ƙwayarsa kusa da kofi kamar kullum.

Yamma kuwa ba ta fasa zuwa ba. Yanzu a zaure take samunsa, ba abin jira, ba abin riƙewa. Ya gwada bin Mudassir a hankali, leɓe kawai ke motsi. Bai yi ba. Ashe sai ya buɗe ƙirji ya saki muryar gaba ɗaya, ya san gari na saurare. Sai ya haɗa kai da gwiwa har a idar da salla, Aina'u ta zo ta taɓa kafaɗarsa.

Ana jibi salla, Mudassir ya tafi Bagwai karɓo ɗinki, tayar babur ta fashe masa a hanya, mabuɗi na aljihunsa. Ranar sama tas take, ko tsinken gajimare babu. Khalilu na daga bakin zaure, yana kallon ƙofar masallaci, ya ga maza na waige-waige. Ya ga rana ta taɓa ruwa, ta nutse rabi, ta nutse duka. Ya dubi agogon hannunsa. Ya ƙara jira, ƙirji kamar zai tsage, har jan ya fara dusashewa. Ba wanda ya tashi, kowa na jiran wani.

Ya miƙe. A jikin masallaci akwai tsohuwar matakalar ƙasa inda mahaifinsa ke hawa kafin zuwan lasifika. Ya hau, ya sa yatsu a kunne.

Ba lasifika, amma har bakin ruwa an ji. Nauyin ya zame. Hawaye na zuba, yana ja, yana jin iska na shiga inda ta kwana biyu ba ta shiga ba. Da ya gama ya tsaya kaɗan, ya share fuska, ya sauko.

Dabino na nan a faranti. Kofunan kunu cike, ƙuda na zagaye. Mutum sama da talatin a kan tabarmi, ba wanda ya kai hannu. Liman na jan carbi yana kallon yatsun ƙafarsa. Nababa ya kara waya a kunne.

"Kai Basiru, kuna Bagwai? An sha ruwa a nan? A'a, mu ba a kira ba tukuna."

Khalilu ya ratsa su ya wuce. Bai ji zafin sosai ba, don ya san inda aka saurare shi. Ya shiga gida da sauri, har yana tuntuɓe da turmi.

Aina'u na zaune a bakin murhu. Kofin kunu na hannunta na dama, cike har baki. Da hagu ta manna 'yar rediyo a kunne.

"Aina'u, kin ji kira?"

"Na ji, Malam."

"To sha mana."

Ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi sama ta saman katanga, sannan ta mai da ido kan kofin.

"Bari dai," ta ce a hankali. "Na rediyo ya kusa."

Ya nemi gefen turmin ya zauna. Abin ya dawo ya hau ƙirjinsa, su biyu suna jiran rediyo.