Fangalin Kasuwa

Biranyar na zaune a kan katanga rungume da ɗanta, kansa na reto kamar na 'yar tsana. Da can motsin ƙyaure kaɗai ke sa ta arce. Yau Inna ta shigo lambun da bokitin ban-ruwa, ta tako har gindin katangar, biranyar ko gezau.

Sai warin ya daki hancin Inna. Ta dubi ƙasa. Bushiya ta miƙe ƙafafu a bakin fangalin latas. Kurege na kwance gefenta, kumfa a bakinsa. Tsuntsaye kuwa warwatse suke kamar an zazzage buhu.

Tun da aka sare dajin bayan unguwa aka yanka filaye, dabbobin nan suka mai da lambun bayan gidanta wurin cin abinci. Ta zage su, ta jefe su, har kirarin ɓarayi ta yi musu. Amma ba ta taɓa roƙon ganin haka ba.

Ta sake duban fangalin. An yanke latas ɗin tas, sai kututture.

Mijinta na tsugune a bakin rijiya yana wanke wuƙa.

"Malam, me ka fesa jiya da yamma?"

"Abin da ya kamata in fesa tun bara."

"Maganin auduga ne ko? Wanda mai shago ya ce murfi ɗaya ya ishi tanki?"

"Murfi ɗaya na tsutsa ne. Biri ai ƙato ne." Ya yarfe wuƙar. "Rabin kwalba na juye. Ga shi sun ji a jikinsu."

"Ina latas ɗin?"

"Mai baro ya kai kasuwa tun da safe."

Bokitin ya kuɓuce mata, ruwa ya malale a kan takalmansa.

"Ɗanye fa ake cinsa, Malam."

"Za su wanke. Ke dai kwantar da hankalinki, namu na ci yana can bayan rijiya, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai. Ashe ya sani. Ashe da hankalinsa ya raba lambun biyu.

"Su na kasuwa ba uwa ce ta haife su ba?"

"Kowa haka yake yi. Kai musu ganye mai huji ki ga ko za su kalla. Su suke son mai sheƙi, na ba su mai sheƙi."

"Allah ya isa tsakanina da sheƙinka."

"Ke, ina za ki?"

Ta fizgi mayafi daga igiya ta fice, ƙyauren na bugun bango a bayanta.

* * *

A kasuwa, mai kayan miyan da ke sarin latas ɗinsu ta hango ta tun daga nesa ta washe baki.

"Yaya, mijinki dai hannunsa da albarka. Ganye kamar an goge da mai. Kafin in gama jerawa an wawashe."

Ɗauri ɗaya ya rage a kan tebur. Inna ta cafke shi ta cusa a ƙarƙashin mayafi, ta faɗa mata komai tana haki. Murmushin matar ya ɗauke. Ta waiga hagu da dama, ta riƙo hannun Inna.

"Rage murya, don Allah. Ki rufa min asiri, ki rufa wa kanki. In maganar nan ta fita, wa zai sake tsayawa a teburina?"

"Su wa suka saya?"

"Yaya, kasuwa ce fa. Sunan wa nake tambaya?"

Inna ta ƙwace hannunta ta nufi bakin ƙofar kasuwa da gudu, tana tuntuɓe da kwanduna.

"Duk wanda ya sayi latas kada ya ci! Guba ce!"

Ƙahon motoci ya haɗiye muryar. Wani mai dako ya ce, "Baba ta zare," abokansa suka kwashe da dariya. Mata na ta ɗuruwa cikin motoci da ledoji, koren ganye na leƙowa nan da can, wasu gabas, wasu yamma. Ta rasa ledar da za ta fara kamawa.

Wata motar haya ta tashi a gabanta. A kujerar baya, 'yar yarinya na zaune a cinyar uwarta, ta zaro ganye ɗaya daga leda tana tsotsa. Da suka haɗa ido da Inna, ta ɗaga mata hannu.