Ɗorin Ƙafar Ubale

Ubale bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, kuma rashin takawar bai taɓa hana shi barci ba. Mutumin Gumel ne, karatun digiri na biyu ya kawo shi Kuala Lumpur, garin da gumi ke bin mutum har cikin masallaci. To amma mai neman 'yar mutane ba shi yake zaɓen inda za a gana da shi ba.

Wata bakwai ya yi yana zance da Hanan ta waya, domin kullen korona ya tsare shi a ɗakinsa na haya a Sri Petaling. Kawunsa ya kira mahaifinta daga gida ya nema masa izini, mahaifin kuwa, Dakta Abdulwahidu, wanda shi ma a Kuala Lumpur yake zaune, ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga yaron da idonsa. Da aka sassauta doka a ƙarshen shekarar 2021, saƙo ya iso: ranar Asabar da hantsi, a hawa na shida na wani katafaren kanti a Bukit Bintang, wurin koyon zamiyar ƙanƙara. Dakta a Bulgeriya ya yi karatu yana saurayi. Can ya kamu da son wannan wasa na masu sayen karaya da kuɗinsu, har ya yi furfura bai warke ba.

Abin da Dakta bai sani ba, Hanan ma ba ta sani ba, shi ne ƙafar Ubale ta hagu. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya amalanke ta taka shi, ƙashi ya karye a ƙasan gwiwa, wani tsoho ya ɗora masa da karare da tsumma. Ƙafa ta kama, tafiya ta miƙe, sai dai ƙwaurin ya ɗan karkace, gwiwar kuma ba ta son murɗiya ko kaɗan. Kawunsa ya ja masa kunne tun a waya, ya ce kada ya kuskura ya buɗe maganar ƙafa, don masu binciken aure da ƙaramin abu suke gina katanga.

Aka auna zafin goshinsa a ƙofa, ya nuna shaidar rigakafi a wayarsa, ya shiga. Ya tarar da Dakta a tsaye, dogo, siriri, takunkumi fari ya rufe masa rabin fuska. Ubale ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, gwiwar ta yi ɗan ƙara, ya tashi da sauri kamar bai ji ba.

Wurin babu ƙanƙara ko ta sanyaya ruwan sha. Wata farar darduma ce shimfiɗe a kan gangare, inji yana jan ta sama, mutum yana zamewa ƙasa, sai ya zama yana gudu bai bar inda yake ba. A gaba akwai ƙarfen riƙewa da ƙaton madubi, wato ko faɗuwarka sai ka kalla.

Mai koyarwa, wani Bamalaye ɗan ƙasar mai fara'a, ya miƙo takarda. Akwai layin da ya tambaya ko mutum ya taɓa samun rauni a ƙafa ko gwiwa. Dakta yana tsaye dab da kafaɗarsa, har Ubale yana jin ƙanshin turarensa. Ya ɗora biro a kan a'a, ya sa hannu.

Daga nan mutumin ya jera musu kayan, ya ce sabon shiga sai ya zaɓi ɗaya. Ga siki, katakai biyu dogaye, kowace ƙafa da nata. Da shi mutum yana tsaye tun ranar farko, fuskarsa gaba, faɗuwa kaɗan ce, amma idan katako ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, gwiwa ce ke biyan bashin. Ga kuma allo, katako guda mai faɗi da ake ɗaure ƙafa biyu a kai. Da shi gwiwa tana hutawa, sai dai duk wanda ya fara da shi yini zai yi yana zubewa da mazaunai, yana rarrafe, yana tashi.

Ubale ya gane nasa tun kafin a rufe baki. Allo ne na mai irin ƙafarsa. Sai kuma ya hango kansa a madubin nan, wanwar a ƙasa, ƙafafu a sama, a gaban mutumin da yake so ya kira suruki. A garinsu ko abinci ba a ci a gaban suruki, balle a yi birgima.

Dakta ya tambaye shi wanne ya kwanta masa.

"Duk wanda Baba ya zaɓa," in ji Ubale, kansa a ƙasa.

Dakta ya ɗan dube shi, ya ce shi dai da siki ya saba. Shi ke nan, magana ta ƙare, aka kawo takalma masu nauyi kamar turmi aka ɗaure wa Ubale su tamau.

Inji ya tashi a hankali. Mai koyarwa ya nuna masa yadda zai haɗe kawunan katakan ya ware bayansu, ya karkato gwiwoyi ciki, don haka ake rage gudu. Daidai abin da ƙafar hagu ta tsana ke nan. Minti biyu ba a yi ba zafi ya taso daga tsohon ɗorin, ya hau gwiwa ya zauna. Ubale ya ciji leɓe. A ransa har godiya ya yi wa takunkumi, yau dai ya yi masa rana.

"Boleh?" in ji mai koyarwa, wato ko zai iya.

Ubale ya ce boleh. Aka ƙara gudu.

Dakta yana gefensa a kan tasa dardumar, yana karkata dama da hagu cikin natsuwa, sai ka ce a tsakar gidansa yake. Sau biyu yana juyowa ya tambayi Ubale ko lafiya, sau biyu Ubale yana cewa lafiya lau, Baba. Gumi ya cika masa ido. Ƙafar ta fara rawa, yana ganin ta a madubi, yana roƙon Allah kada wani ya gani. Ya san kalma ɗaya za ta tsayar da injin. Ya kuma san bayan kalmar akwai tambaya, bayan tambayar akwai takardar da ya sa wa hannu. Tsoro ne ya riƙe masa harshe, ba jarumta ba.

Mai koyarwa ya ce ya saki ƙarfen, ya gwada juyawa hagu. Ubale ya saki, ya ɗora nauyinsa yadda aka ce. Katakon hagu ya kauce waje, na dama ya tsaya, wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar. Ya zube. Dardumar ta ja shi sama kamar buhu kafin a kashe injin.

Bai yi ihu ba, ko a nan ma kunya ba ta sake shi ba. Mai koyarwa ya ruga kiran masu agaji. Dakta ya cire nasa katakan, ya hau gangaren, ya durƙusa a gaban Ubale. Ubale ya yi ta cewa Baba ya bari, don Allah ya bari, amma dattijon bai saurare shi ba. Ya kwance maɓallan takalmin ɗaya bayan ɗaya, ya cire shi, ya zare safar, ya naɗe wandon. Yatsunsa suka bi ƙwaurin a hankali har suka tsaya a kan ƙullin da ƙashi ya haɗe a karkace. Ubale ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Wa ya yi maka wannan ɗorin?"

"Wani tsoho ne a Maigatari, Baba."

"Ya iya aikinsa. Kai ne ka ɓata masa." Dakta ya cire rigar sanyinsa ya naɗe, ya tallafe gwiwar da ita. "Da ka faɗa mini, da allo zan ba ka, mu yi ta faɗuwa tare. Sau biyu na tambaye ka, Ubale."

Hawaye suka gangaro wa Ubale suka shige takunkumin.

"Zan raka ka asibiti, zan zauna har a gama," in ji Dakta, muryarsa ba faɗa a ciki. "Amma ka ce wa kawunka kada ya sake kirana. Ni ban ƙi mai ɗori ba. Wanda ciwo ke cinsa yana ce mini lafiya lau, shi ne ba zan iya ba wa 'yata ba."

Masu agaji suka iso da keken marasa lafiya. Dakta ya kama Ubale ta hammata ɗaya, suka ɗaga shi tare.