Maƙerin Ƙauye na Uku

Ita ce ƙarama a gidansu, ita ce kuma ƙarama a wurin aiki, don haka sunan Auta ya bi ta har ofis. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani, su shida a ciki da fanka ɗaya mai juyawa, wadda kowa yake zargin ta fi daɗewa a wajen wani. Shekara biyu suka yi suna haɗa wasan kwamfuta, irin wanda mutum zai zama jarumi, ya rataya takobi, ya ratsa ƙauyuka bakwai har ya kai ga dodon da ya tare hanyar ayari. Aikin Auta shi ne rubuta abin da mutanen cikin wasan za su faɗa.

Bokan da ke ƙauye na biyar ya ci mata wata guda. Sarauniyar aljanu ta ci mata wata biyu. Maƙerin ƙauye na uku kuwa da yamma ɗaya ta gama shi, domin ba ta ƙirƙiri komai ba. Maganganun babanta ta kwashe ta zuba masa. In ka shiga maƙerarsa ba ka gaishe shi ba, ba zai ɗago ba. In ka miƙa masa karyayyen takobi, sai ya tambaye ka da me ka sara. Daga nan ya ce ka dawo jibi, kuma jibin gaske yake nufi, sai rana ta faɗi sau biyu a cikin wasan.

Mako uku da fitar wasan, ranar Litinin, Manaja ya tara su. Mutum ne mai taushin murya wanda bai taɓa cewa "na ce" ba, sai dai "jama'a sun ce". Ya buɗe shafin da 'yan wasa suke rubuta ra'ayinsu su ba da taurari, ya ce ra'ayi ɗari huɗu ne suka shigo, ɗari da talatin a kan mutum ɗaya suke. Ya fara karantowa.

"Na kashe aljanu goma sha biyu, na iso da takobi a karye, wani tsoho ya ce in dawo jibi. Tauraro ɗaya."

Ya gangara ƙasa.

"Dodon ya yi kyau, kiɗan ya yi kyau. A ba mu damar dukan maƙerin."

Dogo mai zane, wanda shi ya zana maƙerin, ya sunkuyar da kai yana dariya a cikin riga.

"Na kai masa Takobin Tsawa, wanda aka ce babu irinsa a duniya. Ya juya shi ya ce, wa ya yi maka wannan aikin?" Manaja ya ajiye wayar. "Auta, jama'a sun ce a gyara shi. Ya riƙa murmushi, ya yi wa mutane maraba, ya ba su takobinsu nan take. Zuwa Litinin mai zuwa."

Ta ce to. Kwana huɗu tana buɗe shafin maƙerin tana rufewa. Ta rubuta "Barka da zuwa, jarumi!" ta zauna tana kallonsa, ta ji kamar ta sa wa babanta hular yara. Ta goge.

Ranar Asabar da safe ta saka kwamfutarta a jaka ta tafi gida. Rumfar Baba tana gaban gidan, tsakanin mai faci da shagon aski. Da ƙira ya fara sana'a kafin ya koma walda, amma bai taɓa kashe wutar ƙirar ba. Uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kansa, tana nan a kan kututturenta, ga zugazugi, ga awartaki guda uku a rataye bisa tsayinsu. Ta same shi yana goge ƙyauren wani gida da zarto. Ta gaishe shi, ya amsa, sannan ya ɗago.

"Baba, akwai wani maƙeri a wasanmu da mutum ɗari da talatin suke ƙorafi a kansa. Ina son ka ji."

Ba ta faɗa masa ko wane ne maƙerin ba. Ta yi niyya, amma ta fasa.

Ta zauna a kan benci tana karanta masa, shi kuma yana aikinsa. Da ta karanta na mai aljanu goma sha biyu, sai ya ce, "Goma sha biyu da takobi ɗaya? Bai wasa shi a tsakani ba?"

"Bai faɗa ba."

"Bai wasa ba."

Da ta zo kan mai son dukan maƙerin, ya ce irin waɗannan ya san su, su ne suke dawowa da safe su ce a yi haƙuri. Wata kuma ta rubuta cewa ita tana yin wasa ne don ta huta da irin waɗannan mutane, ba don ta sake haɗuwa da su ba. Nan Baba ya dakatar da zarton, ya yi ɗan tunani.

"Wannan tana da gaskiya," ya ce. "Kawo in ga mutumin."

Ya wanke hannu da sabulun wanki, ya sa tabaran karatu, ta ɗora kwamfutar a kan wani tsohon durom. Da yatsa ɗaya yake danna maɓalli, kamar mai gwada ko fenti ya bushe. Jaruminsa ya yi karo da bango sau huɗu, ya faɗa rafi, wata akuya ta bi shi da gudu. Baba ko gezau. Da ƙyar ya shiga maƙerar. Ba tare da an gaya masa ba ya zaɓi gaisuwa, domin bai ga wani abin da mutum zai fara da shi ba.

Maƙerin ya karɓi takobin ya ce, "Ƙarfe ba ya jin sauri. Ka dawo jibi."

Daidai lokacin Mama ta fito daga cikin gida da jug ɗin ruwan sanyi. Ta ji maganar, ta tsaya. Ta dubi allon kwamfutar, ta dubi mijinta, sannan ta dubi Auta, wadda ta ga ya dace ta duba igiyar takalminta.

"Ikon Allah," in ji Mama. Ta ajiye jug ɗin ta zauna, abin da ba ta saba yi a rumfar ba.

"Mutumin nan ba shi da fara'a," in ji Baba. "Amma maganarsa daidai ce."

"Ko kaɗan ba shi da ita," in ji Mama. "Allah ya ba matarsa haƙuri."

"Ba shi da mata a wasan, Mama."

"Ai shi ya sa yake raye."

Baba bai ji su ba. Ya matso da fuska dab da allon, yana kallon maƙerin yana aiki. Can ya cire tabarau.

"Ƙarya ne," ya ce. "Duba. Ƙarfen ya yi baƙi yana ci gaba da dukansa. Wa yake dukan ƙarfe bayan ya huce? Tsagewa zai yi. Ga bokitin ruwa a bayansa, sai ya juya da wuta a hannu kafin ya tsoma ƙarfen. Kuma wa yake masa zuga? Wutar tana ci ita kaɗai kamar ta gidan biki. Su mutum ɗari da talatin ɗin nan, babu wanda ya ga wannan?"

"Babu, Baba."

"Rubuta."

Ta buɗe masa suna a shafin, Mai Walda, ya yi mata shifta yana tsaye. Ya ce shekararsa arba'in da ɗaya a sana'a. Ya lissafa kurakurai uku. Ya ce halin maƙerin ba abin yabo ba ne, amma wanda ya kawo aiki yana gaggawa shi ya kamata a bincika. Ya tambaye ta taurari nawa ake bayarwa, ta ce biyar ne ƙarshe. Ya ce ta sa biyu, sannan ya ce ta mai da su uku. Auta ta sa wa wasan da ta yi shekara biyu tana yi taurari uku da hannunta.

Kafin la'asar mutum sittin sun amsa masa. Wani ya rubuta, "Malam, wasa ne fa. Akwai dodo mai kai uku a ciki, kai kana maganar bokiti." Ta karanta wa Baba. Ya ce ta rubuta: "Dodo ban taɓa gani ba, shi ya sa ban ce komai a kansa ba."

Zuwa Litinin amsar nan ta zagaya inda Auta ba ta taɓa zato ba. Mutane suka koma maƙerar don su ga ƙarfen da ya yi baƙi. Wasu suka fara jayayya a kan inda bokiti ya kamata ya zauna. Wani da ya ce shi ma ɗan maƙera ne ya goyi bayan Baba a kan zuga, ya saɓa masa a kan ruwa. Mai son dukan maƙerin ya dawo ya ce har yanzu yana so, amma a fara gyara wutar.

Manaja ya sake tara su. Ya ce jama'a sun ce a bar maƙerin da halinsa, a gyara masa aiki. Sai dai jibi ta yi yawa, a mai da ita gobe. Sannan ya tambaya ko akwai wanda ya san yadda za a samu wannan Mai Walda.

Auta ta ɗaga hannu. "Babana ne."

Manaja ya juyo ya dube ta.

"Babanki ya ba mu uku?"

"Da biyu ya so. Ya ce akuyar ta yi kyau."

Ranar Laraba Dogo ya bi Auta zuwa rumfar da littafin zanensa, da niyyar ya zauna a gefe ya kalla. Baba ya ce ba a koyon wuta daga benci, ya miƙa masa zugazugi. Awa uku Dogo yana zuga. Ya koma ofis da huda biyu a riga da ƙuna a babban yatsa, ya zana maƙerar da babu wanda ya sake samun abin cewa a kanta.

Da Dogo ya tafi, Auta ta tsaya tana taya Baba tattara kaya. Ta ɗauki awartaki ta rataye, ya sauke shi ya mayar inda ya dace.

"Baba," ta ce, "maƙerin nan, maganganunka ne na sa masa."

"Mamanki ta faɗa min tun ranar."

"Ba ka ce komai ba."

"Ba ki tambaye ni ba."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu, tana jiran faɗa ko wani abu mai kama da shi. Baba ya kulle akwatin kayan aiki, ya girgiza kwaɗon ya tabbatar ya kama.

"Haka nake yi wa mutane magana?"

"Wani lokaci."

"Ke ma?"

"Ni na saba."

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, fiye da yadda hannun yake buƙata. A bakin rumfar wata mata ta tsaya da ƙafar keken ɗinki a karye, tana leƙe, da alama an riga an ba ta labarinsa. Ta yi sallama a hankali.

Baba ya amsa. Ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya buɗe baki, ya dubi Auta, ya rufe. Sannan ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna, baiwar Allah," ya ce, kamar mai karanta takardar da wani ya rubuta. "Sannu da hanya."

Matar ta dubi bencin, ta dubi Baba. Ta ce a'a, ba komai, za ta tsaya.