Yatsun Ikilima

Tun ranar da labari ya tabbata cewa Kalilu ya samu aikin tuƙin babbar mota a ƙasar Katar, matarsa Ikilima ta san inda rigima za ta ɓullo. A gidansu na Sandamu, duk wanda zai yi tafiya mai nisa yakan damƙa iyalinsa a hannun babban wansu, Jafaru, haɗe da katin banki da lambar sirrinsa. Haka ƙaninsu ya yi da zai tafi Aljeriya. Ikilima ta sha ganin matarsa Yelwa tsugune a bakin zaure, tana jiran a gama hira kafin ta faɗi cewa sabulu ya ƙare. Jafaru ba ya cin na kowa, wannan kam shaida ce da kowa zai ba shi. Sai dai sai ka yi bayanin abin da za ka wanke da sabulun.

Ta gaya wa mijinta ita ba za ta yi wannan tsugunon ba. A buɗe mata asusu da sunanta, ya riƙa turo abin da Allah ya hore can. Kalilu mutum ne mai gudun ɓacin ran ɗan'uwa, ya yi ta sosa ƙeya, amma daga bisani ya ɗauke ta suka nufi Daura.

A bankin wata ma'aikaciya mai suna Nneka, haifaffiyar Daura wadda Hausa ta zauna a bakinta daram, ta ce a ɗora yatsu a kan na'ura. Ikilima ta ɗora. Na'ura ta yi ja. Aka goge gilashi aka sake, ta sake yin ja. Nneka ta kama hannun ta juya, sai ta yi dariya.

"Anti, wa ya yi miki wannan ƙunshi? Ya yi kyau, amma ya rufe zanen yatsunki ruf. Sai ya koɗe tukun."

Lallen bikin ƙanwarta ne, baƙi wuluk, wanda aka ƙara wa gishirin lalle don ya daɗe. Tafiyar Kalilu kuwa ta matso.

Kafin su isa gida zance ya riga su. Jafaru ya kira ƙaninsa zaure, ya ce to ga shi ko na'urar ma ta san abin da ya dace. Ya ce a kawo katin a huta, shi kuma da motarsa zai kai shi har filin jirgi na Kano, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gidan. In kuwa an zaɓi bin shawarar mace, to motarsa tana da aiki ranar.

Ikilima ta shiga dirzar hannu. Ta yi da lemun tsami, ta yi da toka, ta goga a dutsen wanka har fatar ta fara zafi. Matan gida suna wucewa suna tambayarta ko fata za ta sake.

Ranar tafiya Jafaru ya wanke motarsa ya ajiye ta a ƙofar gida, ya zauna a kan tabarma yana kallonta. Kalilu ya fito da jaka ya tsaya, idonsa a kan motar. Ikilima ta yafa mayafi ta wuce shi zuwa bakin titi, ta tsayar da motar haya mai zuwa Daura, ta riƙe ƙofa a buɗe har ya zo ya shiga.

A banki na'ura ta karɓi wasu yatsun, ta ƙi manyan biyu, waɗanda dirza ta sa suka yi sulɓi. Nneka ta gwada iya gwaji, sannan ta ce gaskiya sai fatar ta warke, ta daina gogawa haka nan.

A tasha, kwandasta na ta kiran Kano, Kalilu ya ciro katin daga aljihu yana juya shi. Ya ce ba zai iya tafiya ya bar ta da yara ba tare da hanyar da saƙo zai iso ba. Bari kawai ya ba wani direba ya kai wa Yaya, na ɗan lokaci ne.

"Baban Auta," in ji ta, "abin da ya shiga zauren nan ka taɓa ganin ya fito? Mayar da shi aljihunka."

Ya tambaye ta me za su ci kafin nan. Ta ce akwai gero a rumbu, kuma hannun da na'ura ta ƙi bai manta matsar man gyaɗa ba. Hanyar banki ta gane ta, da kanta za ta dawo, in lambar asusun ta fito za ta karanto masa a waya. Ya mayar da katin, ya zuge aljihun ya hau motar.

La'asar ta yi lokacin da ta sauka a Sandamu. Jafaru na nan a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta isar masa da sallamar ƙaninsa. Ya amsa a daƙile, ya miƙo hannu ya ce ina katin.

"Yana hanyar Kano, Yaya," ta ce, ta miƙe ta shige ciki.