Iskar Tayar Rabe

Shekara tara Rabe yana tuƙa a-kori-kurar Alhaji Iliyasu, yana kwaso tumatir daga kasuwar Shasha zuwa ta Bodija, bai taɓa zuƙar ko cokali ɗaya na fetur ba. Amma da mai ya yi tsada, Alhaji ya fara leƙa tanki, sai ya ga abin da ke kai motar kwana uku yanzu da ƙyar yake kai biyu.

Bayan la'asar, a gindin masallacin unguwar Sabo, Alhaji ya tare shi a gaban mutane.

"Rabe, motar nan ita ke shan man, ko akwai mai taya ta?"

"Alhaji, ka san ni."

"Na san ka jiya. Daga nan zuwa Juma'a, ko ka nuna min inda man ke zuwa, ko ka ajiye makulli."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Rahmatu, matarsa, mai sayar da awara a cikin gida, ta ji ta a bakin wata maƙwabciya da ta zo saye.

"Baban Hafiza, wai ka koma sayar da mai a jarka?"

"Har da ke?"

"Ni ban ce ba. Amma mutane na cewa, ni kuma nake fita cikinsu."

Rabe ya canja filogi. Ya wanke matatar iska, wadda ta yi baƙi ƙirin. Ya daina barin inji a kunne in ya shiga salla. Man ya ɗan rage gudu, amma ba yadda Alhaji zai gani ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa ba, kuma ya san da shi. Tun yana sabon direba ya koyi sace wa taya iska kafin a yi lodi, don ta yi laushi, in ya faɗa rami da gudu kwandunan ba za su dagargaje ba. Da wannan dabarar yake riga kowa isa Bodija, har ake masa kirari. Bara ya ƙara rage iskar, saboda hanya ta ƙara lalacewa. Shi a wurinsa gwaninta ce. Alhali gaggawa ce kawai da taurin kai.

Ranar Laraba, Baba Sakiru, Bayarabe mai faci a Mokola, ya shuri tayar baya ya yi tsaki.

"Oga Rabe, wannan taya ce ko tuwon amala? Motarka tafiya take kamar mai jan ƙafa cikin taɓo. Ta yaya ba za ta sha mai ba?"

"Baba, in na cika, tumatir zai fashe."

"To ka tafi a hankali mana. Wa ke korar ka?"

Ranar Alhamis ya cika tayoyin huɗu tam. Ya fito daga Shasha da niyyar tafiya a hankali, ya kuwa yi, har sai da wani direba ɗan jiya-jiya ya wuce shi a Ojoo yana masa oda yana dariya. Ƙafar Rabe ta danna totur kafin ya yi tunani. A ramin farko ya ji ƙarar kwanduna a baya. Bai waiwaya ba.

A Bodija aka sauke kwando shida da suka zama miya, jan ruwa na bin bodi yana ɗiga ƙasa. Alhaji ya zo da kansa ya tsaya yana kallo.

"Alhaji, na gano inda man ke zuwa. Taya ce. Ka ba ni mako guda ka gani."

"Jiya mai, yau tumatir. Kawo makullin."

Rabe ya miƙa. Allurar mai tana sama da inda ta saba tsayawa a irin wannan lokaci, amma ba wanda ya leƙa ya duba. Ya hau keken haya zuwa Sabo, ya sauka tun kafin masallaci, ya bi ta lungun baya ya shiga gida.