Ƙasar Kabarin Azeli

Abu ɗaya mahaifiyata ta roƙe ni da aka ce ni zan tafi a madadinta: in ɗebo mata ƙasa daga kabarin uwarta, Azeli, ko da cikin tafin hannu ne, a zuba mata a akwatin gawarta ranar da ta cika. Ƙafafunta sun kumbura, likita ya hana ta hawa jirgi. Ita aka haifa a tsibirin da aka raba mutanenmu da shi, can aka binne cibiyarta, amma ni da na buɗe ido a unguwar Roche Bois ta ƙasar Moris, ni aka ba izinin zuwa. Wai ziyara. Mutum zai je gidan iyayensa, sai an buga masa hatimi an haɗa shi da soja.

Tare muka tafi da ƙaninta Onezim, wanda muke kira Tonton, wato kawu. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ke sa ka cizon yatsa. Yana saurayi yana ɓare wa kamfani kwakwa aka kwashe mutanenmu a jirgin ruwa, kuma a wancan zamanin ba ka taɓa komai sai da sanin manaja. Za ka fita kamun kifi, ka faɗa. Za ka yanka alade ko ka sare reshe, ka faɗa. Kamfanin ya mutu tun ba a haife ni ba, amma har gobe Tonton cire hula yake yi in ya ga mai farar riga.

Da jirgi ya fara sauka Tonton ya manna goshi a taga. Tsibirin na nan yadda suke faɗa mana, siririn tudu ya kewaye tafkin ruwa kamar awarwaron da aka buɗe bakinsa. Tonton ya shiga kiran sunayen wurare, nan gidan wance, nan wurin shanyar kwakwa. Duk inda ya nuna, kwalta nake gani da tankunan mai na sansanin soja.

Hafsan da ya tarbe mu Bature ne dogo, rana ta dafa masa wuya. Ba shi da laifi a fuska, kuma wannan ma ya ƙara min haushi, don na zo da shirin faɗa. Tafinta ta ce shi ne alƙalin wurin, shi ne kwastan, shi ke ɗaura aure in an samu masu yi. Gwamnan kuwa, an ce yana can ƙasarsu cikin sanyi, daga can yake mulkin kwakwa. Hafsan ya jero mana dokoki cikin ladabi. Kada a taɓa kaguwa. Kada a ba jakai abinci. Kada a fita da komai daga tsibirin, ko tsakuwa, ko yashi, ko ganye, don wuri ne da ake kiyayewa.

Jakan nan na gan su a bakin hanya, sun yi ɓul-ɓul suna kallonmu. Kakanninsu ne suka ja amalanken kakannina. Su an bar su, har da dokar da ke tsare su. Akwai kanti a wurin, 'yan Filifin ke tsaronsa, ana sayar da riguna masu sunan tsibirin da dala. Rigar kana iya tafiya da ita gida.

Hanya ɗaya ce tak, ita muka bi a mota har ɗaya ƙarshen, inda tsohon ƙauyen yake. Cocin ya zube, itatuwa sun fito ta tagoginsa. Maƙabartar kuwa daji ya cinye ta. Sojojin sun raba mana safar hannu, Tonton ya mayar musu da tasa, ya ce ba a taɓa kabarin iyaye da hannu a rufe. A nan kam na bi shi. Muka durƙusa muna tuge ciyawa da saiwa da yatsu, tsofaffin da muka zo tare suna waƙa ƙasa-ƙasa, wasu suna kuka. Tonton ya gane kabarin Azeli da wani ƙaton bawon kifin teku da shi da kansa ya aje a wajen kai. Muka share, muka kunna kyandir, muka yi addu'a.

Na ɗaga kai na ga hafsan ya ja gefe, ya juya mana baya yana kallon teku. Sojojinsa ma haka. Har yau na yarda da gangan suka yi. Na shimfiɗa hankici, na haƙa, na cika shi da ƙasa mai sanyi, na ƙulle na cusa cikin rigata. Shi ke nan, aikin da ya kawo ni ya ƙare, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Sai na ga Tonton ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya kira tafinta, ya nufi hafsan, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Misye, ranka ya daɗe, izini muke nema. 'Yar ƙasa ce kaɗan, ta kabarin uwarmu. Tana wurin yarinyar nan."

Yarinyar nan, ni da nake da jikoki. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tafinta ta tsaya tana kallonsa, ta ga ba yadda za ta yi, ta fassara. Hafsan ya runtse ido na ɗan lokaci. Ya ce da ba a faɗa masa ba da bai sani ba, amma tun da an faɗa, a gaban yaransa, hannunsa a ɗaure yake. Ya ce zai rubuta wa na sama da shi, wataƙila a duba. Na ce a gaya masa matar da ke jira ba za ta ga amsarsa ba. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Na kwance hankicin na juye ƙasar inda na ɗebo ta.

A mota ban iya haƙuri ba.

"Tonton, wa ya aike ka? Mutumin nan baya ya juya mana. Sai ka je ka juyo da shi?"

"Tifi, 'yata, ba a ɗaukar kayan mutane ba a faɗa ba."

"Kayan wa? Uwarka ce kwance a ciki."

Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce shi ba zai sa wa yayarsa kayan sata a akwati ba. Ya so a ba mu a fili, a ce ga shi, naku ne. Na juya masa ƙeya har filin jirgi. A can aka sa mu tsoma takalma cikin ruwan magani, aka goge ƙasansu da burushi, kada mu tafi da ko ƙura.

Da muka sauka Moris ban biya gida ba, wurin Mama na wuce. Tana jingine da matashi. Ta dubi hannuna ba komai, ta gane tun kafin in buɗe baki. Na zauna na ba ta labari, ban rage wa Tonton komai ba. Ta yi tsaki, ta ce Onezim ke nan, tun yana yaro shi ke kai ƙarar kansa.

Ta kama hannuna don ta lallashe ni, sai ta tsaya tana juya shi. Na wanke hannu a jirgi, amma abin da ya shige ƙarƙashin farce bai fita ba. Ta ce in miƙo mata tsinken ashana da farin ƙyalle. Ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana sakacewa a hankali, kamar lokacin da take min ina ƙarama. Abin da ya taru bai kai gishirin da ake barbaɗa wa ƙwai ba. Na dube shi, hawaye suka zubo min. Na ce wannan ai ba komai ba ne, na tsallaka teku na dawo mata da dattin farce.

Ta sunsuna ƙyallen, ta rufe ido.

"Ya isa. Noma zan yi da ita?"

Ta miƙo min.

"Ƙulle da kyau, ki sa ƙarƙashin matashina. Kuma kada ki gaya wa Onezim, yanzu ya tafi neman izini."