Farar ƙasar da na shafa wa bango

Mijina Anacleto ba mai raki ba ne. Shi ya sa ranar da ya ajiye ƙoƙon shayinsa na mate ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, na san akwai magana. Ba noma ya yi ba, ba tudu ya hau ba, a inuwa yake zaune tun hantsi. Amma zuciyar tana ta fat-fat kamar kazar da aka riƙe wa ƙafa, ta tsaya cak, ta sake zabura.

Abu ɗaya nake so, takardar da za ta kai mu babban asibitin gari a auna zuciyar. In babu ita ko kallonka ba sa yi. Mai rubuta ta kuwa shi ne Wilber, malamin ɗakin shan magani na ƙauyenmu, wanda a gabana aka yanke masa cibi.

"Iya Eulogia, zuciya takan yi haka," in ji shi. "Yawan mate, taunar ganyen koka, rashin barci, damuwa. Ya rage kawai."

"Ya rage. Sati biyu ke nan ruwan zafi yake sha kamar mai jego."

"To damuwa ce. Ke ma ki rage masa faɗa."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar Laraba muna ɓarar masara, Anacleto ya ce ƙasa tana juya masa, ya sulale daga kan kujera. Kafin in kawo ruwa ya farfaɗo, yana haki, yana cewa kar in tara masa jama'a. Na bar shi da maƙwabciyata Tiburcia, na tafi wurin Wilber ko takalmi ban ɗaure ba.

"Rana ce ta buge shi," in ji Wilber.

"A inuwa? Kai, ubansa haka ya faɗi a zaune, bai tashi ba. Ciwon binchuka ne."

Kowa a nan yankinmu na Chaco ya san binchuka, ƙwaron nan mai shan jini da ke ɓuya a tsagar bangon laka, ya bar wa mutum ciwon da ke cin zuciya a hankali. Wilber ya buɗe babban littafinsa ya dangwala yatsa a wani layi, alhali ya san ban iya karatu ba.

"Masu feshin ƙwari sun duba gidanku bara. Sun rubuta babu ƙwaro ko ɗaya. Mutanen gidajen da aka samu ƙwaron su ake fara turawa asibiti."

Bara, da aka ce baƙi za su shiga ɗakuna, ni da Tiburcia kwana biyu muka yi muna liƙe tsaga muna shafa farar ƙasa, muka kwashe kaji zuwa bayan gida. Wa zai yarda baƙo ya ga ɗakinsa kamar akurki? Suka shigo, suka yaba, suka sha mate, suka wuce ba su fesa komai ba.

Na koma gida na ɗauki adda na hau kankare bango ta wajen gadonmu.

"Tsohuwa, rushe mana ɗakin za ki yi?" in ji Anacleto daga kwance.

"Yi shiru ka riƙe zuciyarka."

Binchuka goma sha ɗaya na kamo, wasu cikinsu taf da jini. Na zuba su a kwalbar zuma, na je na dangwara a kan littafin nan na Wilber.

"Karanta wannan, ɗana, tunda kai ne mai boko. Farar ƙasa laifina ce, na ɗauka. Amma mutum ya faɗi a zaune ka ce rana, wannan naka ne."

Ya dubi kwalbar. Ya rubuta takardar. Na ce ya soke layin nan ma a gabana, ya soke.

A gari likita mace ta liƙa wa Anacleto wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Ciwon ne, ta ce, kuma ya shekara da shekaru a jikinsa. Ta ce bugun zuciya a zaune sau da yawa ba wani abu ba ne, amma in ya zo da jiri, ko suma, ko haki, ko ciwon ƙirji, ba a kwana da shi a gida. Ta ba shi ƙwayoyi, ta sa mana ranar dawowa, ta ce wataƙila sai an dasa masa wata ƴar na'ura.

Yanzu yana zaune a inuwa, ni kuma na kasa zama. Bini-bini sai in je in ɗora hannu a ƙirjinsa, ya ture. Mu gida tara ne muka shafa farar ƙasa bara, duk suna cikin littafin nan a kan babu ƙwaro. Na wanke kwalbar, na wasa addar. Daga ɗakin Tiburcia zan fara, ko ta so ko ta ƙi.